Kwana Arba'in na Tuba: Yadda Yahudawa Ke Shirin Shiga Sabuwar Shekara

A wajen Bayahude mai riƙo da addini sabuwar shekara ranar zaman kotu ce. Babu wasan wuta, babu kiɗan tsakar dare, abin da suka yi imani da shi shi ne a ranar ake buɗe littafin kowa a duba abin da ya aikata a shekarar da ta wuce, sannan a rubuta masa abin da zai same shi a mai kamawa. Shi yasa tun saura wata guda ake fara shiri, kuma shirin nan ne nake ganin ya kamata mu tsaya mu fahimta, don akwai abin da suka tsananta a cikinsa wanda yawancin masu kallo daga nesa ba su sani ba.

Kalandarsu tana bin wata ne kamar tamu ta Hijira, sai dai su suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19 don kada bukukuwansu su riƙa zagaya damina da rani, shi yasa sabuwar shekarar, wadda suke kira Rosh Hashana, kullum a Satumba take faɗowa ko farkon Oktoba. Shekararsu ta 5786 ta shiga ne da faɗuwar rana a 22 ga Satumba 2025. Watan da ke gabanta sunansa Elul, watan sabuwar shekarar kuma Tishri, a 10 ga Tishri ake Yom Kifur, Ranar Kaffara, wadda ita ce rana mafi girma a shekararsu gaba ɗaya. Daga tsayuwar watan Elul zuwa Yom Kifur suna lissafa kwana 40, kuma ba haka kawai aka zaɓi adadin ba. A ruwayarsu, bayan Bani Isra'ila sun bauta wa ɗan maraƙin zinare Annabi Musa ya sake hawa dutse a farkon Elul yana roƙa musu gafara, bai sauko ba sai ranar 10 ga Tishri da sababbin alluna a hannunsa. Labarin maraƙin dai ba baƙo ba ne a wajenmu, yana cikin Baƙara da A'araf da Ɗaha. Wasu masu binciken tarihi ma suna danganta azumin da Manzon Allah (SAW) ya tarar Yahudawan Madina suna yi ranar Ashura da wannan rana ta 10 ga wata, duk da cewa dalilin da ya zo a hadisi, wato kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna, daban yake da dalilin Yom Kifur.

A cikin Elul, Yahudawan da asalinsu Turai ta tsakiya da ta gabas, Ashkenazi, suna busa ƙahon rago mai suna shofar kowace safiya bayan addu'a, ban da Asabar da jajiberen sabuwar shekara, ana kuma ƙara karanta Zabura ta 27. Waɗanda asalinsu Andalus da ƙasashen Larabawa, Sefardi, su kuma tun daga farkon watan suke tashi da duku-duku ko tsakar dare suna addu'o'in neman gafara da ake kira selihot, Ashkenazi sai 'yan kwanaki kafin sabuwar shekara suke fara nasu. Wani malaminsu na Rasha, Shneur Zalman na Liyadi wanda ya rasu a 1812, ya kwatanta watan da sarkin da ya fito daga fada ya shiga gona, duk talakan da ke so zai iya tare shi ya yi masa magana ba sai ya bi ta hannun fadawa ba. Ma'ana Elul ba tsoro kaɗai ba ne, akwai jin cewa ƙofa a buɗe take.

Amma tsoron yana nan. A cikin Talmud, babban kundin malamansu na farko, an ruwaito daga Rabbi Yohanan cewa littafi uku ake buɗewa ranar sabuwar shekara, na salihai na ƙwarai waɗanda nan take ake rubuta musu rayuwa, na miyagu na ƙwarai waɗanda nan take ake rubuta musu mutuwa, sai na tsaka-tsaki waɗanda ake rataye hukuncinsu har zuwa Yom Kifur. Abin da malamai suka gina a kan wannan shi ne kowa ya ɗauki kansa ɗan tsaka-tsaki, kada ka ce na tsira, kada kuma ka ce na riga na halaka me zan gyara. Musa ɗan Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, ya ƙara da cewa mutum ya riƙa ganin sikelinsa a daidai yake, rabi lada rabi zunubi, haka ma sikelin duniya baki ɗaya, aiki ɗaya da zai yi yanzu shi zai rinjayar da shi da duniyar duka. Ni ina ganin hikimar wannan, domin abu biyu ne ke kashe tuba, jin cewa ba ka da laifi da jin cewa laifinka ya wuce gyara, shi kuwa ya toshe hanyar duka biyun.

Don a gane me ya sa tuban nasu ya ɗauki wannan siffa sai an koma shekara ta 70 Miladiyya. Kafin nan Yom Kifur aikin Haikali ne, wato babban ɗakin ibadarsu da ke Kudus. Attaura ta yi bayani dalla-dalla, babban limami zai kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a, ɗaya a yanka shi a kai jininsa can cikin wuri mafi tsarki da ba a shiga sai a wannan rana, ɗayan kuma limamin ya ɗora masa hannu ya furta zunuban jama'a a kansa a kora shi jeji. Sai Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, ba wurin yanka, ba limamin da zai shiga. Tambayar da ta tsaya musu a maƙoshi ita ce to yanzu da me za a kankare zunubi? Akwai ruwayar cewa Rabbi Yoshuwa ya ga kangon Haikalin ya yi kuka ya ce wurin da ake kankare zunuban Isra'ila ya rushe, sai malaminsa Yohanan ɗan Zakkai ya ce masa kada ya damu, akwai wata kaffara da ta kai waccan, ita ce kyautata wa mutane, ya janyo maganar Annabi Hosiya cewa Ubangiji jinƙai yake so ba yanka ba. Daga nan nauyin da ke kan limami ɗaya ya dawo kan kowane mutum, aikin da jini ke yi ya koma kan harshe da zuciya da aljihu. Shi yasa a wata sananniyar addu'ar waɗannan ranaku, bayan an jero wa zai rayu wa zai mutu, wa ta wuta wa ta ruwa, sai jama'a su ɗaga murya su ce tuba da addu'a da sadaka suna kawar da zafin hukunci.

Wanda ya tsara dokokin tuban ya jera su babi-babi shi ne wannan Musa ɗan Maimun ɗin. A Kurɗuba ta Andalus aka haife shi, ya zauna a Fas, ya ƙare a Fustat ta Masar inda ya yi likitanci a fadar Ayyubawa ya rasu a 1204, rayuwarsa duk a cikin Musulmi ya yi ta kuma yawancin littattafansa da Larabci ya rubuta, duk da cewa kundin dokokinsa da ke ɗauke da babin tuba da Ibrananci yake. Kafin shi ma akwai Bahya ɗan Fakuda na Saragosa a ƙarni na 11, wanda ya rubuta littafi da Larabci a kan wajiban zuciya ya ware babi guda ga muhasaba, kuma masana sun nuna ya ɗebi abubuwa da yawa daga rubuce-rubucen sufayen Musulmi. Saboda haka duk wanda ya karanta sharuɗɗan tuba a farkon Riyadus Salihin ba zai ji baƙunta ba idan ya ji na ɗan Maimun, a bar laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba. Abin da ya ƙara jaddadawa shi ne furtawa da baki, wai tuban da ya tsaya a zuci bai cika ba sai mutum ya faɗi abin da ya yi a gaban Ubangiji da kalmomi, ba ga wani malami ba, babu mai shiga tsakani. Wanda kuma ya furta alhali bai yi niyyar bari ba, ya ce kamar mai wankan tsarki ne riƙe da mushen ƙadangare a hannu, ruwan ba zai yi masa amfani ba sai ya jefar. Sannan ya kawo ma'aunin cikakken tuba wanda ni dai ban ga mai tsauri kamarsa ba, ya ce sai dama irin waccan ta sake samuwa, wuri ɗaya, mace ɗaya idan zina ce, ƙarfin jikinka yana nan sha'awarka tana nan ba mai ganinka, ka juya ka tafi. Wanda ya bari don tsufa ya cim masa an karɓa, amma ba shi ne babban tuba ba.

Duk wannan tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Inda maganar ta yi nauyi shi ne haƙƙin mutum. Mishna, tsohon kundin dokokinsu da Talmud ke yi wa sharhi, wadda aka tattara wajen shekara ta 200, ta faɗa ƙarara cewa laifin da ke tsakanin mutum da Ubangiji Yom Kifur na kankare shi, amma laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa Yom Kifur ba ta kankare shi har sai ya je ya nemi yardar ɗan'uwan. Ka yi azumin awa 25 ba ci ba sha, ba wanka ba shafa mai ba takalmin fata ba kusantar iyali, ka tsaya a majami'a tun safe har rana ta faɗi kana dukan ƙirji, idan akwai wanda ka ci wa mutunci ba ka je wajensa ba to wannan ɓangaren yana nan a wuyanka. Mu ma mun san wannan ƙa'ida, kullum ana faɗa a wa'azi cewa Allah ba ya yafe haƙƙin wani. Bambancin shi ne su sun sa wa abin ranar ƙarshe a kalanda kuma sun shimfiɗa masa matakai, kuma a ganina wannan ne ainihin ƙarfin al'adar, domin neman gafarar mutum abu ne da kowa ke cewa zai yi wata rana, bashi ne da ba a sa wa ranar biya ba, irin wannan bashin kuwa da shi ake shiga kabari.

Matakan kuwa ga su. Idan kuɗi ne ka mayar, amma mayarwar kaɗai ba ta isa ba sai ka roƙe shi ya yafe, ko da magana ce kawai ka ɓata masa rai da ita. Idan ya ƙi, ka ɗebo mutum uku cikin abokansa ku koma, ya ƙi ka sake, ya ƙi ka sake na uku. Bayan sau uku ka fita, laifin ya koma kan wanda ya ƙi yafewa, don a wajensu haramun ne mutum ya zama mai ƙeƙasasshiyar zuciya ga wanda ya zo da gaskiya. In malaminka ne ka ɓata wa, ɗan Maimun ya ce ko sau dubu ne ka yi ta komawa. In kuma mutumin ya riga ya mutu, ka tara mutum goma ku je bakin kabarinsa ka faɗa a gabansu cewa na saɓa wa Ubangiji kuma na zalunci wannan bawan da kaza da kaza, kuɗin ka kai wa magada, in ba ka san magada ba ka kai kotu.

A takarda abin ya tsaru tsaf. Amma Talmud ɗin da kansa ya kawo labaran da ke nuna ba haka yake da sauƙi ba, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa nake girmama tattaunawar tasu, ba su ɓoye inda dokarsu ke cijewa ba. Rab, babban malamin Babila a ƙarni na 3, wani mahauci ya yi masa laifi bai zo neman gafara ba. Da jajiberen Yom Kifur ta zo sai Rab ya ce bari ni in je wajensa, wato ya ba shi dama. A hanya ɗalibinsa Rab Huna ya tambaye shi ina za shi, da ya ji sai ya ce malam zai je ya kashe mutum. Rab ya je ya tsaya a gaban mahaucin yana sarar kan dabba, mahaucin ya ɗaga kai ya gan shi ya ce tafi abinka ba ni da magana da kai, yana cikin saran sai ƙashi ya fallatsa ya soke shi a maƙogwaro ya mutu. Me labarin ke cewa? Ana iya karanta shi a ce ga sakamakon girman kai. Amma maganar Rab Huna tana nan a tsakiya ba a share ta ba, kuma masu sharhi da yawa sun tsaya a kanta, babban malami ya taso da duk kwarjininsa ya tsaya a kan talakan da bai shirya ba, a gaban mutane, a wurin sana'arsa, wannan ba shi dama ne ko matsa shi lungu ne? Ni na fi karkata ga na biyun. Nan gaba kaɗan kuma sai a ga Rab ɗin ne ya ɓata wa Rabbi Hanina rai a wajen karatu, ya yi ta zuwa neman gafara jajiberen Yom Kifur har shekara 13 bai samu ba. Wato wanda ya san doka ciki da bai, ya je yafewa abin ya ɓaci, ya je neman yafiya bai samu ba.

Shi yasa malaman baya suka yi ta sa togaciya. Musa Isserles na Karako a Folan, wanda ya rasu a 1572, ya rubuta cewa wanda aka yi wa ƙazafi aka ɓata masa suna ba dole ba ne ya yafe, domin waɗanda suka ji ƙazafin ba lalle su ji an janye ba, kuma mutum na iya jinkirta yafiya idan hakan ne zai amfani mai laifin. A zamanin nan ma akwai malamai mata da maza a cikinsu, musamman a Amurka, da ke cewa kada a ɗauki dokar sau uku a mayar da ita sanda a kan matar da aka ci zarafinta ko yaron da aka lalata, a ce ai ya roƙe ki sau uku yanzu ke ce mai laifi. Hujjarsu daga cikin dokar take, roƙon da ake ƙirgawa shi ne wanda ya zo bayan an daina, an biya, an canja, ba wanda aka yi don a rufe bakin mutum ba.

Sai kuma matsalar gulma, wadda ita ce ta fi shafar kowa. Ka ci naman mutum a bayan idonsa, bai sani ba, har yanzu yana gaishe ka da fara'a. Za ka je ka faɗa masa? Isra'ila Meir Kagan, malamin Radin da ya wallafa littafinsa a kan dokokin harshe a 1873, ya yanke cewa idan maganar ta jawo masa cutarwa to sai ka je ka bayyana masa ka nemi gafara. Ana ba da labari cewa Isra'ila Salanta, wanda ya kafa harkar gyaran hali ta Musar a Lituwaniya ya rasu a 1883, bai yarda da wannan hukunci ba, yana ganin ba ka da ikon ka sayi wankin zuciyarka da ɓacin ran wani, mutumin yana zaune lafiya ka je ka cusa masa baƙin ciki don kai ka samu sauƙi. Wanda ya zauna a gaban malamanmu zai gane wannan saɓani nan take, domin shi ne dai ake yi a babin giba, wasu sun ce sai an sanar da shi an nemi ya halatta, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka ce a'a, ka roƙa masa gafara ka yabe shi a inda ka zage shi. Ni ra'ayin Salanta ya fi kwanta min, da sharaɗin cewa ɓarnar da maganarka ta yi sai ka bi ta ka gyara, in aiki ka hana shi ka koma wajen wanda ka zuga ka warware, in aure ka ɓata ka je ka faɗi gaskiya. Ɓoye masa don kada ya ji zafi daban, ɓoye masa don kada kai ka ji kunya daban, kuma mutum ya san wanne yake yi.

A nan ne kuma al'adar take samun rauninta na yau da kullum. Da yake an sa rana, sai abin ya zama na baki, ana gab da Yom Kifur sai saƙonni su fara yawo a WhatsApp da Facebook, duk wanda na ɓata wa da sani ko ba da sani ba ya yafe min. Mun san irinsa sarai, shi ne ke cika mana waya daren da za a ɗauki azumi. Dokarsu kuwa cewa ta yi a ambaci laifin da sunansa, sai fa idan ambaton zai kunyata wanda aka yi wa. Saƙon da aka tura wa mutum ɗari biyu bai ambaci komai ba, kuma sau da yawa mutum ɗayan da ya kamata a je wa gida a durƙusa ba ya ma cikin waɗanda aka tura wa.

Son a sami wani abu na zahiri da zai ɗauke wa mutum nauyi bai taɓa mutuwa ba tun bayan bunsurun nan na jeji. Ranar farko ta sabuwar shekara da yamma ana zuwa bakin kogi ko teku a karanta ayoyin Annabi Mika da ke cewa Ubangiji zai jefa zunubai cikin zurfin teku, wasu har su kakkaɓe aljihu. Kafin Yom Kifur kuma wasu na ɗaukar kaza, zakara ga namiji kaza ga mace, a zagaya da ita bisa kai a yanka a ba matalauta. Yusuf Karo, wanda kundin dokokinsa da aka buga a Benis a 1565 ya zama madogara har yau, ya ce a bar wannan al'ada ta kaza, Isserles ya kare ta ya ce tsohuwar al'ada ce, yanzu da yawa kuɗi suke sawa a madadin kazar su bayar sadaka. Ba zan daɗe a nan ba, abin lura kawai shi ne su kansu malaman sun ji tsoron mutum ya ɗauka kaza ko ruwa sun gama masa aiki.

A ranar Yom Kifur ɗin kanta furucin zunubi da bakin jam'i ake yi, mun ci amana, mun yi ƙwace, mun yi ƙarya, a jere bisa haruffan Ibrananci daga na farko zuwa na ƙarshe, kowa na faɗin laifin da wataƙila shi bai taɓa yi ba domin ana ganin al'umma jiki ɗaya ce. Da safe a karanta Ishaya sura ta 58, inda annabin ke tambaya wai wannan ne azumin da Ubangiji ya zaɓa, mutum ya sunkuyar da kai ya kwanta a toka? Azumin da ake so shi ne a kwance sarƙar zalunci, a saki waɗanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci. Da yamma a karanta labarin Annabi Yunus da mutanen Ninaba, waɗanda ba Bani Isra'ila ba ne ma, suka tuba aka ɗauke musu azaba, kuma Mishna ta lura cewa ba a ce Ubangiji ya ga tsummansu da azuminsu ba, cewa aka yi ya ga ayyukansu.

Na san abin da ke ran mai karatu tun daga layin farko, kuma yana raina ni ma, Gaza da Falasɗinu. Ba daidai ba ne a haɗe addini mai shekaru dubbai da gwamnatin da aka kafa a 1948 a ce abu ɗaya ne, fiye da rabin Yahudawan duniya ma ba a Isra'ila suke zaune ba, kuma ra'ayinsu a kan abin da ke faruwa ya rarrabu sosai. Amma kuma ba daidai ba ne a ce tambayar ba ta shafi wannan magana ba, tunda addinin da kansa ne ya ce azumi ba ya wanke haƙƙin mutum kuma da bakin jam'i ake furta laifi. A cikinsu akwai waɗanda suka daɗe suna yi wa kansu wannan tambaya, Yeshayahu Leibowitz, mai tsananin riƙo da addini wanda ya rasu a 1994, tun bayan yaƙin 1967 yake gargaɗin cewa mulkin mallaka a kan wata al'umma zai lalata masu mulkin, akwai kuma ƙungiyar malamansu masu kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1988, waɗanda ke raka manoman Falasɗinawa tsinkar zaitun don kare su daga 'yan kama-wuri-zauna.

Kuma akwai wata tsohuwar mas'ala a littattafansu da ta taɓo wurin kai tsaye. Mutum ya saci azara ya sa ta a cikin ginin babban gida, daga baya ya so tuba. Makarantu biyu na malamansu na farko, ta Shammai da ta Hillel, suka saɓa. Makarantar Shammai ta ce ya rushe gidan duka ya mayar da azarar, makarantar Hillel ta ce ya biya kuɗinta kawai, don in aka tsananta ba wanda zai tuba, kuma a kan ra'ayin Hillel aka tsaya. Amma ko mai sassaucin bai ce mai azara ya haƙura ba, biya dole ne. Isserles kuma ya rubuta cewa wannan sassauci bai shafi ƙasa ba, wanda ya ƙwace fili ya yi gini a kai sai ya rushe ya mayar da filin. Falasɗinawa kusan 700,000 ne suka gudu ko aka kore su daga gidajensu a 1948, kuma a 2017 aka tashi matsugunin Yahudawa na Amona a Yammacin Kogin Jordan bisa hukuncin kotun ƙolin Isra'ila saboda a kan filayen Falasɗinawa masu zaman kansu aka gina shi, duk da cewa ɗimbin wasu matsugunan suna nan suna ƙaruwa. Masu goyon bayan matsugunan suna da nasu karatun na nassi, suna cewa ƙasar alkawari ce aka yi musu, wasu kuma na cewa dokokin ɗan Maimun an rubuta su ne ga mutum da maƙwabcinsa a zamanin da Yahudawa ba su da soja ba su da gwamnati, ba su yi maganar yaƙi tsakanin al'umma biyu da kowacce ke da gawawwakinta ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne ta fuskar tarihi, babin tuba bai tsara yadda ƙasa za ta ɗebi mutum uku ta je ƙofar wanda ta zalunta ba, kuma a kan wannan giɓin ne Yahudawa masu addini suke ta jayayya da juna duk shekara idan Elul ya kama.